Inji Ɗaya, Ƙirji Biyu

Injin iskar numfashi guda ɗaya ne ya rage a asibitin, kuma tun hantsi yake gefen gado na huɗu yana gurnani kamar tsohuwar fanka.

Farfesa Armiya'u ya gaji. Da safen nan ya baro Shinkafi, inda ya je tattara bayanan waɗanda suka yi haɗarin babur, amma ba gajiyar hanya ce kaɗai ke damunsa ba. Gajiya ce ta mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana maimaita magana ɗaya. Ya rubuta ta a mujallun likitoci har baƙin ƙasashe sun iya faɗin sunansa, an gayyace shi taruka ya faɗe ta an tafa masa. Amma a nan Kaura Namoda, inda aka binne cibiyarsa, sai a ce masa "to Malam", a juya a yi abin da aka saba.

Maganar kuwa ba wata mai wuya ba ce. Mutanenmu babba suke fara miƙa wa komai, ruwa ne, tabarma ce, cinyar kaza ce. Tarbiyya ce mai kyau, har sai an shigo ɗakin da ake rai kwakwai mutu kwakwai. Shekara da shekaru Farfesa yana bin sawun duk wanda aka kawo da karyayyen ƙirji daga Zurmi da Shinkafi da ƙauyukan Banga. Ya gano in inji ɗaya ne, kunya kan sa ma'aikata su ɗaura wa dattijo, su bar matashi yana jira, ƙarshenta a yi jana'iza biyu. Dattijon da ya haura sittin, haƙarƙari ya huda masa huhu, injin ba ya tayar da shi, jinkiri kawai yake ƙara masa. Matashi kuwa, in ya samu injin, yakan tashi ya koma gonarsa. Ma'aikata suka laƙaba wa abin "dokar Armiya'u", suna faɗa suna taɓe baki.

Bayan azahar aka shigo da Salima daga wajen Zurmi. Makiyayiya ce mai goyo, babur ya kayar da su a bakin gada, ƙirjinta ya daki dutse. Aka kwantar da ita a gado na uku, leɓɓanta sun fara yin duhu. A bakin ƙofa surukarta na jijjiga jaririn, tana salati ƙasa-ƙasa.

Dokta Rahama ce ke kan aiki. Ɗalibarsa ce tun tana koyon ɗinkin rauni, kuma a bincikensa na ƙarshe sunanta ke bin nasa. Ta tsaya tsakanin gadajen biyu, ta dubi Salima, ta dubi injin, ta dubi silin. Ko'ina ta duba ban da inda Farfesa yake.

Shi kam tuni ya gama hisabin tsohon da ke kwance a gado na huɗu. Mota ce ta ƙwace da shi a hanya. Numfashi guntu-guntu, farce ya yi shuɗi, ɓangaren dama na ƙirji yana lotsawa a lokacin da ya kamata ya taso. Babi guda ya rubuta a kan irin wannan ƙirjin, kuma ya san yadda babin yake ƙarewa.

Maiwada, babban nas, ya matso kusa da ita yana magana a hankali, shi a tunaninsa ba a jin sa.

"Likita, ki duba hwa. Wanga ba baƙo ba ne, uba ne gare mu duka. Mi za mu ce ma iyalinai?"

"Ita kuma mi za mu ce ma ɗanta?" in ji Rahama. Amma ba ta motsa ba.

Takaici ya tokare Farfesa. Ya so ya daka mata tsawa kamar yadda yake yi a aji, yau ko ƙarfin wannan ba shi da shi. Ya kuma san in daga bakinsa umarnin ya fito, aikin banza ne. Za a ce don yana nan aka bi, ranar da ba ya nan a koma gidan jiya. Takarda ba ta taɓa ɗaga inji daga wannan gado zuwa wancan ba, hannun mutum ke yi. In hannun Rahama ya kasa, to duk abin da ya rubuta ya tashi a tarin takardun da 'yan tsire za su naɗe nama da su, kuma yarinyar nan ba za ta kai magariba ba.

Salima ta yi wata irin shaƙuwa, idanunta suka juye. Jaririn ya tsanyare da kuka.

Sai a lokacin Rahama ta juyo ta dubi malaminta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta san shi. Kallonta kawai ya yi, irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya san amsa yake jin nauyin faɗa.

Ta share fuskarta da gefen mayafi. Ta ce wa Maiwada ya jawo injin zuwa gado na uku, da muryar da ba a yi wa musu. Maiwada ya sunkuyar da kai, ya kama wayar injin.

Wani sanyi ya ratsa zuciyar Farfesa, irin wanda tafin manyan taruka bai taɓa ba shi ba. Ashe dai an ji.

Rahama ta taka zuwa gado na huɗu, ta durƙusa har ƙasa kamar mai gaisuwar safe.

"Ka yahe mani, Malam," ta ce.

Sannan ta sa hannu biyu, ta zare robar numfashin daga fuskar Farfesa Armiya'u.