Katifar Rimi da Numfashin Tsohuwa

Ka ce ka shimfiɗa kafet, ka rataya labule, ka sayo abin fesa ƙamshi, amma har yau da matarka ta shiga ɗakin sai atishawa da ƙaiƙayin ido. Shi ne ka zo wurina neman sunan magani. To ni ba likita ba ne, asibiti na nan, ka kai ta a duba. Amma gyara zama in ba ka wani misali, don na ga inda ka yi ɓatan kai.

An yi wani mai ɗinkin katifa, gwani na gaske. In ya cusa audugar rimi ya ɗinke baki, ko uwar amarya mai tsirfa ba ta samun abin kushewa. Da mahaifinsa ya rasu, sai ya je ƙauye ya ɗauko mahaifiyarsa, don ba wanda ya rage mata a can sai kaji. Ya ware mata ɗakin da ya fi kowanne, ya zauna ya ɗinka mata katifar da bai taɓa yi wa wani attajiri irinta ba, da matasan kai masu laushi, duk na rimi. Ya malala darduma mai gashi daga bango zuwa bango, ya sa labule mai kauri a ƙofa da taga. Matarsa kuma safe da yamma tana shiga da kaskon turaren wuta, don a girmama suruka. Ba a jima ba tsohuwa ta fara atishawa kamar an watsa mata barkono. Idanu suka yi jajir, hanci na zuba, numfashi na fita da ƙyar.

Hankalin ɗan ya tashi. Ya tambayi maƙwabci, ya ce sanyi ne, a rufe taga. Aka rufe, har da cusa tsumma. Ya tambayi wanzami, ya ce a ƙara hayaƙi. Aka ƙara. Abokin sana'arsa ya ce ai katifar ce ba ta yi kauri ba, sanyin ƙasa na ratsa ta, gogan naka ya farke ta ya ƙara auduga. Kowa a unguwar ya sha tambaya, har mai tallan goro, mutum ɗaya kawai aka tsallake, wato mai kwana a ɗakin. Ita kuwa ɗanta na fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta dubi idonsa ta ce alherinsa ne ke shaƙe ta. In ya leƙo gaisuwa sai ta kau da kai ta ce da sauƙi. Rannan ta ɗaure ƙullin kayanta, ta aika masa cewa gida za ta koma. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don ya san in ta koma ko mai ɗebo mata ruwa babu.

Matarsa ce ta lura cewa tsohuwa kan yini a tsakar gida bisa tabarma, har ta yi gyangyaɗi, ba atishawa ko ɗaya. Sai ta ɗauko kwaryar gyaɗa ta zauna kusa da ita suna ɓara, can ta ce, "Inna, don Allah a ɗakin nan me ya fi damunki?" Tsohuwa ta ce, "'Yar nan, tun ina budurwa ba ma shiri da rimi. Hayaƙin nan kuma kama mini maƙogwaro yake yi. To amma da wane baki zan ce wa yaron nan ya fitar da aikin hannunsa?"

Da labari ya kai masa, kunya ta kama shi, amma bai tsaya jayayya ba. Da kansa ya ɗora katifar a ka ya fitar. Aka naɗe darduma, sai ga ƙasa a ƙarƙashinta wadda za ta isa a shuka gero. Aka sauke labule aka sa yadi mara nauyi da za a riƙa wankewa, aka zare tsumman taga, kasko ya koma ɗakin mai shi. Daɓen siminti kuma aka daina share shi a bushe, sai goge da jiƙaƙƙen tsumma. Shi da ya yi shekaru yana zagin katifar soso a kasuwa, shi ne ya je ya sayo ta da rana tsaka, abokan sana'a na yi masa dariya. Zanin gado a wanke, a shanya a rana. Maƙwabta suka ce ya mayar da ɗakin uwarsa kamar na gwauro, ya bar su da bakinsu. Tsohuwa dai numfashinta ya dawo, ta kwance ƙullinta, kuma a wannan ɗaki mara ado ta goyi jikokinta.

To kai ma ka tambayi mai shagon kafet, ka tambayi abokanka, ga shi har ka tako wurina. Ita mai atishawar fa, ka zauna ka tambaye ta? Tashi ka koma gida, amsarka na can tana jiranka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.