Wadda Ke Tsayawa a Sama

"Yau ni zan fara sauka," in ji Mama.

Na juyo ina haki. Tun da safe ni ke fasa mana hanya cikin dusar ƙanƙarar da ta kai gwiwa, har muka kai ƙololuwar dutsen nan na Montana a Amurka, inda babu sawun kowa. A wurinmu, wanda ya fasa hanya shi ke fara zamiya kan ƙanƙarar zuwa ƙasa. Ita kuwa tun ina ƙarama take bar mini farko, ko da ita ta sha wahalar.

"Haba Mama! Rowa kuma da tsufanki?"

"Rowar gidanku." Ta ɗaure allunan zamiya a ƙafa tana dariya. "Kin ɗauka kyauta nake miki? Gangaren nan kan zaftare ya binne mutum, kuma wadda ta tsaya a sama ita ke tono. A da na yarda da hannuwana, shi ya sa nake tura ki gaba." Ta ɗago su, suna rawa cikin safar hannu. "Bana ba za su iya fito da ke ba. Naki za su fito da ni."

Kafin in ce uffan ta tafi. Tana karkata hagu da dama, farar ƙura na tashi har kafaɗarta, kamar shekarunta saba'in sun zube a baya.

Na tsaya da shebur ɗin tono a bayana, ko ƙiftawa ban yi ba. Sai da ta isa ƙasa ta ɗaga sandar zamiyarta, sannan na saki numfashi.

Ashe haka take riƙe nata numfashin duk shekarun nan, ni ina can ƙasa ina ihun murna.