Maganin Ƙafar Kafinta

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe.

Wani kafinta ne ya faɗo daga tsani ya karya ƙafa. Likita ya yi masa ɗori, ya ce sati shida a zaune. In ya taka ta kafin nan, ɗingishi ne har tsufa. Ya rubuta takardar magani, ya miƙa wa matarsa.

Kwana biyu kacal, matar ta kama shi a bakin ƙofa yana dogara sanda.

"Ina zuwa, maigida?"

"Iska zan sha."

"Da zarto a hammata?"

Ta karɓe makullin shago. Shi kuwa kafintan nan, abin taƙamarsa lissafi ne. Ko a gadon asibiti sai da ya ba likita labarin gwanintarsa a lissafi.

"Ga wasa," in ji ta. "Ka ɗauki lamba, ka juya ta, ka haɗa su. Ka yi ta yi har ta karantu iri ɗaya ta gaba da ta baya. Gwada 57."

Ya zaro fensir daga bayan kunne. 57 da 75, 132. 132 da 231, 363. Ya yi dariya. "Wannan ai wasan yara ne!"

Ta leƙa wata takarda da ke ƙulle a bakin zanenta. "To, 196. Ranar da ka gama, makulli naka ne."

"Kafin ki sauke tukunya!"

Tukunya ta sauka, bai gama ba. Sati ya wuce, lambobi suka yi tsawo har sai da ya juya littafi a kwance don su shiga layi. Littafi uku suka cika, fensir ya zama guntu. Kullum cewa yake saura kaɗan.

Ranar da aka kwance ɗori, ƙafa ta warke sumul. A bencin jira na asibiti ya ga mutum biyu da sanduna, kowa ya duƙufa kan littafi yana ƙunƙuni. Matarsa ta kwance bakin zane ta mayar wa likita takardarsa, kafinta ya miƙa wuya ya karanta. Ƙasan sunayen ƙwayoyi an rubuta: "196, safe da yamma. Ko kwamfuta ba ta ga ƙarshenta ba tukuna; zai zauna."

Ƙurunƙus! Tatsuniya ta ƙare, lissafi kuwa da saura.