Fuskar Inna a Gilashi

Warin narkakkiyar dalma nake fara tunawa. In Baba ya taso daga kasuwar Canaan, yakan haɗa wa abokai da cocinmu tagogin gilashi mai launi. Wata rana, Kawu, yayan marigayiya Inna, ya zo wurinmu a Guangzhou daga Maraɗi, saro kaya. Ya dubi hoton Maryamu a tagar da Baba ke haɗawa, sai ga fuskar Inna, har da tsagar kumatunta.

"Ƙanwar tawa za ka kafa a coci?"

Ya shara wa Baba mari, ya suri guduma ya ragargaza tagar. Baba ya durƙusa yana tattarawa, jini na ɗiga daga yatsunsa.

Har yau ban yafe wa Kawu ba. Amma na ga ya tsinci gutsuren idonta, ya sa a aljihu.