Fuskar da ke Ƙarƙashin Fenti

Bakhita ta rungume jakarta a ƙirji lokacin da ƙaramar bas ɗin ta faɗa rami a hanyar Giza. Cikin jakar akwai kwalbar ruwan batir, naɗe da tsohon ɗankwali. Ba ta so ko ɗigo ya zube, don fuskar mutum guda ta tanadar wa.

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Alƙahira shekaru talatin baya ya san shirin ban tsoron nan da ake nuna wa yara a talabijin. Cikin shirin kuwa babu kashin da ake tunawa kamar na bilyatsho, mai farar fuska da jan hanci, irin wanda ke ba yara dariya a wurin biki. Wata baƙar yarinya ta ɓuya cikin akwatin kayan wasa. Murfi ya ɗaga a hankali, farar fuskar ta leƙo, yarinyar ta kurma ihu. Har yau mutane na tura wa juna ihun nan a waya, suna yaba yadda 'yar ta iya wasa.

Ba wasa ba ne. Bakhita ce, tana 'yar shekara shida. Mahaifinta Hamad, Bahaushen Sudan, shi ke dafa wa masu ɗaukar shirin shayi, ita kuma takan bi shi. Ba shi da takardar zama, saboda haka ba ya iya ce wa kowa a'a. Darakta ya gan ta, ya ce a sa ta a akwati, a ce mata wasan ɓuya ake yi. Ba wanda ya gaya mata abin da zai buɗe murfin.

Inna ce ta zo ta goya ta zuwa gida, don an ce an aiki Baba. Sai bayan la'asar ya dawo, fuskarsa ta yi ja, yana warin kananzir, bai ko kalli tuwo ba.

Tun ranar harshen Bakhita ya karye. Yarinyar da ke jan baƙi a gaban malam har mata su leƙo ta taga, ta koma sai ta yi gumi kafin ta faɗi sunanta. Yaran unguwarsu ta Ainu Shams suka raɗa mata Ba-ba-bakhita, sunan ya bi ta har girma. In mafarki ya tashe ta, Baba ne ke ɗaukar ta, ta riƙa bin tsagen kumatunsa da yatsa har barci ya dawo. Uku a dama, biyu a hagu, don askar wanzami ta karye kafin a gama. Yakan ce shi kaɗai ne a duniya da aka bari rabi.

Darakta ya mutu, ya tsere mata. Saura wanda ya sa rigar bilyatsho. Ba a rubuta sunansa a ƙarshen shirin ba, kuma duk wanda ta tambaya sai ya ɗaga kafaɗa. Ta tsane shi, tsana mai nauyi, wadda take kwana da ita take tashi da ita. Shi ya kalli idon 'yar shekara shida, ya ga tana rawar jiki, ya ƙara matso da fuska. To, za ta yi masa fentin da ba ya wankuwa.

Da safen nan, tana ba Baba shayi, ta gaya masa ta gano matar da ta yi wa bilyatsho kwalliya. Shayin ya zube masa a riga. Ta ɗauka tsufa ne.

“Ki bar wa Allah, 'yata,” ya ce. “Wataƙila mutumin nan ya fi ki shan wuya.”

Haka yake faɗa tun tana ƙarama. Kirkin Baba yakan ba ta haushi wani lokaci. Ta gyara masa bargo ta fita.

Mai kwalliyar, Madam Samar, na zaune a hawa na biyar, cikin ɗaki mai warin tsohuwar hoda. Ta rankwafa, ido ya yi rauni, amma baki na nan daram. Bakhita ta ce ita mai son tsofaffin shirye-shirye ce. Ta ajiye jakar a cinya, hannunta a kan kwalbar.

“S-s-sunansa nake so. Da in-inda yake.”

“Suna? Ma'alish, yi haƙuri 'yata, ni fuska nake riƙewa, ba suna ba.” Tsohuwar ta kurɓi gahawa. “Ai ba ɗan wasa ba ne ma. Wanda aka ɗauka wani ƙato ne, ya zo a buge, yana cewa da ƙafa zai zaro yarinyar ya lilo da ita. Sai wani cikin ƙananan ma'aikata ya durƙusa wa darakta a bar yarinyar ta tafi. Aka ce khalas, magana ta ƙare, ba fashi, ko kuma a kira masa 'yan sanda. Ya ce to a ba shi rigar, shi zai sa.”

Bakhita ta ƙara damƙe kwalbar. Ashe ma roƙa ya yi a ba shi.

“Ban taɓa shan wuyar fuska irin tasa ba. In shafa, hawaye ya wanke. In sake, ya wanke. Da aka gama kuma ko man goge fenti bai jira ba, da kananzir ɗin risho ya dirje ta. Ga tsagen nan naku, fenti ya yi ta nutsewa ciki, sai da na cike su da kakin zuma.”

“W-wane irin tsage?”

“Matso in nuna miki.”

Tsohuwar ta miƙo yatsa mai sanyi, ta zana a kumatun Bakhita a hankali: uku a dama, biyu a hagu.