Motar Baba Ta Rabu da Kuloci

Ina shiga gareji na hango ƙafafun Auta sun leƙo daga ƙarƙashin tsohuwar motar Baba. Giyabos ɗinta na yashe a ƙasa, yana ɗaure mata sabo fil na otomatik.

Motar da ko madubinta na taɓa sai Baba ya bi ya goge! Ni na tashi ina wanke ta, amma yau ƙanena ke farke mata ciki, Baba na miƙa masa sifana har da murmushi.

"Yaya, wannan har da giyar doguwar tafiya," in ji Auta. "Inji zai riƙa hutawa."

"Wa ya tambaye ka? Baba, in ɗan lelenka za ka ba, ba shi kawai. Sai an lalata ta saboda ragon da ke ƙyuyar taka kuloci?"

 Baba ya ɗauko fedar kulocin da suka kwance, ya ajiye kusa da sandata, inda ƙafata ta hagu take kafin hatsarin da na yi.

Ya damƙa min makulli.

"Ungo, rago. Ta dama ta ishe ka."