Inda Za A Kwantar Da Tabita

Ni na sa aka haƙa wa matata Tabita kabari a maƙabartar musulmi ta Dogarawa, kusa da inda za a sa ni.

Shekara hamsin da ɗaya muna tare, ita majami'a, ni masallaci. Ita ke tashin jikokinmu sallar asuba. Ita ke dafa mana sahur alhali ba ta azumi. Dattawa suka ce ba a kwantar da ita can sai wani ya shaida ta yi kalmar shahada kafin ta cika.

Rana tana hawa, gawa tana ɗaki. 'Yarmu Rahila nake tsoro, don ita ta bi addinin uwarta. Ban taɓa roƙon kowa ba, amma na roƙe ta. Ta daɗe tana kuka, sannan ta ce, "Baba, in Yaya ya ce ya ji, ba ni hanawa."

Sai na ji sanyi. Yayanta Nazifi shi ne limamin unguwarmu. Shekara ashirin yana yi wa uwarsa wa'azi, kuma a cinyarsa ta cika.

Na kama hannunsa gaban dattawa. "Malam, gaya musu ka ji."

Ya sunkuyar da kai.

"Ni ubanka ne. Kalma ɗaya. Kada a raba ni da ita."

Ya ce, "Baba, na ji. Almasihu ta kira, sannan ta sa mini albarka. Inna ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, ni ma ba ni yi mata. Ba ni faɗi."